Ɗan Taɓa Musu

Ni na fara ganin abin, kuma ba na neman shaidar kowa. Tun kafin likita ya gani, tun kafin masu surutun rediyo su fara cewa yaron ya yi sanyi, ni da nake zaune a bakin titi da basilla da guduma na riga na sani. Ban taɓa shiga aji ba. Ko sunana aka rubuta da manyan baƙaƙe, sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Amma shekara hamsin da biyu ina juya takalman mutane, kuma tafin takalmi ba ya ƙarya. Mota ta taɓa bi ta kaina na tashi. Rumfar nan sau uku ana rushe ta ina sake kafawa. Abokan sana'ata duk na raka su makwanci. Wanda ya ga wannan duka ba a koya masa kallo.

Yaron da nake magana Tsinke ake ce masa, saboda siririn jiki, da kuma kirarin da 'yan kallo suke yi masa, wai tsinken da ka raina shi ke tsone maka ido. Ɗan wasan gefe ne a wata babbar ƙungiyar ƙwallo, shekararsa ashirin da uku. Gidansu yana kallon rumfata. Ƙungiya tana ba shi takalma sababbi, amma in ya zo gida sai ya kawo min in sakar masa bakinsu, don ƙafarsa mai faɗi ce. A kakar wasan da ta wuce na juya takalminsa na dama, na ga haƙoran tafin na waje sun cinye har ƙasa, na ciki kuwa kamar yau aka sayo. Na tare babansa na ce, "Maigida, yaron nan ciwo yake gudu. Karkata ƙafa yake yi don kar gwiwa ta ji nauyi."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba Duku, yanzu kuma asibiti ka buɗe? A ina ake yankar kati?"

Na ce to. Wata huɗu bayan nan aka dawo da Tsinke gida a kwance a bayan mota.

Likitan ƙungiya ya yi masa bayani dalla-dalla, ya kuma rubuta a takarda. Jijiyar gwiwar dama ta tsage, amma ba ta rabu ba. Sati takwas ƙafar ba za ta ɗauki nauyi ba. Ƙanƙara safe da yamma. Ranar da sati takwas ya cika ya koma a gwada. In ta ɗinke, ya koma cikin 'yan wasa. In ba ta ɗinke ba, ƙungiya ta sallame shi. Aka ɗaure masa gwiwar da wani maɗauri mai ƙarfe a gefe, aka ba shi sandunan asibiti guda biyu.

A hanya, shi da kansa ya gaya min daga baya, wani daɗi ya riƙa ji wanda har kunyarsa yake yi. Tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya bai taɓa yin sati biyu a jere bai buga ba. A ƙungiya kuwa wasa ne duk bayan kwana uku, a sauka daga bas a shiga fili, a fito daga fili a hau bas, in wuri ya yi ciwo a tsira masa allura a ce ya shiga. Yanzu ga sati takwas ba usur, ba ihun koci. Ya lumshe ido yana ta shirya barcin da zai yi.

Yayansa ne yake tuƙin. Wannan yayan shi ya sa kowa ya riƙa ce masa Manaja, ko da yake ba a taɓa ganin takardar da ta naɗa shi ba. Ya shigar da motar har tsakar gida, ya rufe ƙofa ya sa sakata, sannan ya fiddo sandunan ya naɗe su a bargo kamar kayan sata.

"Yaya, da me zan shiga?"

"Dafa ni. Kowa yanzu da waya a hannu. Hoto ɗaya da sandunan nan, mutanen ƙasar waje da suke bibiyarka sun janye."

Babansu yana tsaye a bakin falo, hannu a baya. Tsohon direban babbar mota ne, kuma har yau yana magana kamar injin yana kunne. Ya dubi ƙafar, ya dubi bargon.

"Yayanka ya yi daidai. Mu a gidan nan ba mu gaji sanda ba. Shekara talatin ina kan hanya, ban taɓa kwana biyu a kwance ba. Sannu da zuwa."

Haka dokar gidan ta kafu. Sanda tana aiki daga gado zuwa banɗaki. Da an ƙwanƙwasa ƙofa, a tura ta ƙarƙashin doguwar kujera, Tsinke ya ja dogon wando ya rufe maɗaurin, ya zauna yana murmushi. Baba ya riga ya gaya wa duk wanda ya tambaya cewa hutu aka ba yaron, saboda ƙoƙarin da ya yi.

Kwana uku da dawowarsa wani tsohon abokin Baba, mai sayar da tayoyi, ya zo. Dattijo ya shigo, yaro ba zai gaishe shi a zaune ba, sai Tsinke ya dafa hannun kujera ya miƙe. Aka sha shayi, aka yi hirar hanya da ta direbobin da suka rasu. Can mai tayoyi ya hango ƙwallo a saman kabad.

"Kullum a talabijin muke ganinka, ɗana. Yau ga mu ga ka."

Baba ya sauko da ita, ya hure ƙurar, ya mirgino ta. "Ɗan taɓa masa."

Tsinke ya dubi ƙwallon. In ya ɗaga ta da dama, gwiwar ce za ta lanƙwashe. In ya ɗaga da hagu, dama ce za ta ɗauki nauyinsa duka. Ya zaɓi hagu, don ita ba za ta ba shi kunya ba. Sau goma sha biyu ya ɗaga ta ba ta taɓa ƙasa ba, yana murmushi, haƙoransa a cije. Mai tayoyi ya yi ta tafi.

"Ka gani?" in ji Baba. "Raka shi ƙofa."

Da ya dawo ɗaki ya kwance maɗaurin, gwiwar ta yi suntum tana zafi kamar an sauke ta daga wuta.

Magana kuwa ba ta kwana a unguwa. Aka ji cewa duk wanda ya je gidan su Tsinke za a ɗan taɓa masa. Mai gidan burodi ya zo. Surukan ƙanwar Tsinke suka zo su shida. Wani mai neman kujerar siyasa ya zo da mai ɗaukar hoto, aka sa Tsinke ya tsaya kusa da shi ƙwallo a ƙarƙashin ƙafa, aka ɗauka, aka sake ɗauka saboda hular mutumin ta karkace. Kowa "ɗan taɓa" yake cewa. Ba wanda ya taɓa neman babba. Ni da nake ƙirga masu shiga daga rumfata, ranar da aka yi kaɗan su ne huɗu.

Matarsa malamar firamare ce, Malama muke ce mata. Ƙarfe bakwai ta fita, sai biyu ta dawo, kuma a hanyar dawowa take sayo ƙanƙarar da likita ya ce. Kwana biyu tana ajiyewa tana nema ba ta gani. Rana ta uku ta tarar da ita a cikin jug, ana zuba wa baƙi ruwan sanyi.

"Inna, ta gwiwarsa ce fa," ta ce wa surukarta.

"Ke 'yar nan, ƙanƙara a ƙashi? So kike sanyi ya shige shi ya tsufa da shi? Ni na haife shi, na san jikinsa." Inna tana son ɗanta, wannan ba musu. Saboda son ne ma take zuwa da ruwan zafi da tsumma da man zafi, ta zauna ta gasa gwiwar, ta murza da ƙarfinta duka, tana cewa, "Yi haƙuri, ɗan albarka, zafin shi ne maganin." Shi kuma ya juya fuska bango ya bar ta.

Malama ta tare Manaja a tsakar gida, da jakar littattafai a kafaɗa.

"Yaya, likita cewa ya yi kar ya taka."

"Amarya, wa ya taka? Ɗan taɓawa ne. Ke aji kika sani, ƙwallo tamu ce."

"Ƙwallo taku ce. Ƙafar fa ta wa ce?"

"Ta gida," ya ce yana dariya.

Baba, da yake jin su daga kan tabarma, bai yi dariya ba. "Gaskiya ya faɗa. Wa ya saya masa takalmin farko? Wa ya riƙa goya shi a keke zuwa fili? Lokacin ke kina ina?"

Ta juya ta dubi mijinta, wanda yake zaune a bakin ƙofar ɗaki. Mutumin da yake yi wa alƙalin wasa tsawa a gaban mutum dubu ashirin, a gaban babansa sai ka ce an ɗinke masa baki da zarena. Ya sunkuyar da kai yana gyara ƙafar wando.

A ɗaki ta ce masa, "Mu tafi gidan yayata ka ƙarasa hutun nan."

"A ce na gudu daga gidan ubana saboda gaisuwa?"

"A ce. Baki ne, ba ya karya ƙafa."

"Saura sati biyar, Malama. Zan lallaɓa."

A sati na huɗu gwiwar ta daina miƙewa sosai, ƙafar ta zama kamar ta gajarce. Mai tayoyi, da ya dawo da wasu abokansa biyu, ya ce a bakin ƙofa, "Anya yaron nan ba ɗingishi yake ba?" Manaja ya ce tafiyar 'yan ƙwallo ce haka, yanga ce. Amma washegari da safe sai ga shi a rumfata, da takalmin fita na Tsinke da wata takarda mai hatimi.

"Baba Duku, likita ya ce a ƙara masa tudu a dunduniyar dama, ta ciki, yadda ba za a gani ba. Ga shi nan ya rubuta. Ya ce a nemo gwani, na ce gwani yana ƙofar gidanmu."

Na karɓi takardar na dube ta sama da ƙasa, kamar yadda ake yi. Hatimi dai na gani, shuɗi, zagayayye. Na ce a raina ashe likitan ma ya zo inda nake. Na yanko roba mai laushi, na fere ta, na shafa gam, na lulluɓe da fata. Ba yabon kai ba, ko wanda ya ƙera takalmin ba zai gane an taɓa shi ba. Na ajiye takardar a ƙarƙashin akwatina, na ɗauki takalmin na shiga gidan in gwada masa da kaina.

Na same shi shi kaɗai a falo, talabijin a kashe, alhali ƙungiyarsu ce take wasa a ranar. Shi kuma, na ji daga baya, cewa aka yi masa dabarata ce, ta tsofaffi. Ya sa takalmin, ya yi taku uku. Ɗingishin ya ɓace.

Ya zauna ya ce, "Baba Duku, ka taɓa gajiya da takalmi?"

"Ni? Takalmi ne yake gajiya da ni."

Ya ɗan yi dariya. "Ni na gaji. Ba gwiwar ba ma. In na ji usur, ko na yaran makaranta ne, sai in toshe kunne. Da can in na ga ƙwallo ƙafata ƙaiƙayi take yi. Yanzu in Baba ya miƙa hannu saman kabad ɗin nan, ji nake kamar in shige ƙarƙashin kujera wajen sandunan."

"Ka gaya masa mana."

"Na gaya masa. Ya ce gajiya ta ɗan dako ce. Wai ni aikina ko sunansa ma wasa ne, wa ya taɓa gajiya da wasa?"

Na ce masa ya ci abinci sosai, na fito.

Da takalmin nan sai abin ya ƙaru. Tunda ba ɗingishi, rakiya ta tashi daga ƙofar gida ta koma bakin titi. Manaja ya fara ɗaukarsa a mota ana zagaya shaguna ana gaisawa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Kai, hutu ya karɓe ka!" Shi kuwa ya rame a wuya, idonsa ya faɗa. Da rana in baƙi sun tafi sai ya kwanta, barcin ya ƙi zuwa, ya yi ta kallon silin yana jiran ƙwanƙwasa ta gaba.

A sati na shida, wata Talata da safe bayan Malama ta fita, Manaja ya shigo falo da waya a hannu yana haki.

"An kira! Wakilin mutanen waje ne. Ya ji raɗe-raɗin rauni, yana son bidiyo na minti biyu ya gan ka kana gudu. Yau yake so."

A karo na farko Tsinke ya buɗe baki. "Yaya, saura sati biyu. A ce masa ya jira."

"Ya jira? Kai kaɗai ne mai ƙafa a duniya?"

"Likita ya ce..."

"Minti biyu ne zai ɓata sati biyu?" in ji Baba. "Wata guda kana taɓawa a falon nan, me ya same ka?"

Inna ta leƙo daga kicin, hannunta da kumfa. "Yi musu, ɗan albarka, a huta da magana. In ka dawo in gasa maka."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba maƙiyinsa a cikinsu, abin da ya ɗaure shi ke nan. Da koci ne da ya san abin da zai ce. Ya tashi ya cire maɗaurin, don ba a gudu da shi, ya sa gajeren wando.

Filin bayan tasha suka je, mai tsakuwa da ramuka. Manaja ya jera duwatsu huɗu ya ce ya zagaye su da ƙwallo ya dawo a guje. Tsinke ya yi. Ƙafar ta tuna aikinta, ta bi duwatsun kamar ruwa, ya dawo yana jin wani abu yana ja a cikin gwiwar kamar zaren da ya kusa ƙarewa.

Manaja ya duba wayar. "Kash, yatsana ya rufe kyamarar. A sake."

Ya sake.

"Rana tana bayanka, fuskarka ba ta fito ba. Za su ce wani ne. Juyo ta nan. Na ƙarshe."

A dutse na uku ya dasa ƙafar dama zai juya. Ƙarar ba babba ba ce, kamar an karya busasshen kara. Ya tsinci kansa a ƙasa yana kallon sama. Kafin zafin ya iso, abin da ya fara zo masa shi ne: to, yanzu dai ba wanda zai ce in tashi.

"Tashi mana," in ji Manaja, wayar tana sama. "Za a yanke wannan wurin."

Sai da ya ji ihun sannan ya sauke hannu.

Aka dawo da shi a mota, aka shiga neman sanduna. Guda tana ƙarƙashin kujera. Ɗayar aka rasa, sai can aka gan ta a bayan gida, an tokare igiyar shanya da ita, tunda ta daɗe ba ta da aiki. Inna ta fizge ta tana kuka, wankin gidan duka ya zube a ƙasa, ba wanda ya waiwaya.

Da la'asar sai ga Malama a rumfata, da takalmin nan a hannu, ta ɓanɓare fatar, robar tana leƙowa. Yarinyar da kullum take tsokanata wai ni ne mijinta na fari, ranar ko gaisuwa babu.

"Baba, har da kai?"

"Likita ne ya ce, 'yata. Da takardarsa." Na ɗaga akwati na miƙa mata, ina jin kaina a kan gaskiya.

Ta duba, ta dube ni, sannan ta karanta min a hankali, kalma bayan kalma. Sati takwas. Kar ƙafar ta ɗauki nauyi. Ƙanƙara safe da yamma. Ba takalmi a ciki, ba tudu, ba gwani.

Na sha faɗa cewa boko bai fi ni da komai ba, kuma har gobe zan faɗa. Amma ranar na zauna da takarda a hannu kamar an ba jaki madubi. Na rufe rumfa tun rana ba ta faɗi ba, abin da ko ranar da aka rushe ta ban yi ba.

A asibitin ƙungiya likita ya ɗaga hoton gwiwar ya daɗe yana kallo. Jijiyar ta rabu, kuma ba ita kaɗai ba, wurin da ƙashi ke zama a kan ƙashi ma ya goge.

"Ka taka ƙafar nan?"

"Ko sau ɗaya," in ji Manaja. "Kamar ƙwai muka riƙe shi."

"Ba kai na tambaya ba."

Malama ta buɗe baki, Tsinke ya riƙe mata hannu. Ya dubi babansa, wanda yake tsaye a bakin ƙofa, ya cire hula yana murza ta.

"A banɗaki na zame, likita."

Likitan ya gyaɗa kai irin na wanda ya sha jin labarin banɗaki. Ya ce za a yi aiki. Zai yi tafiya. Gudu kuwa, ya manta da shi. Kafin wata ya ƙare ƙungiya ta aiko da takardar sallama da wata riga mai lambarsa a cikin gilashi. Wakilin mutanen waje bai sake kira ba.

To, sai ka zo ka ji bayani a gidan. Baba ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba mai gogewa. Manaja ya ce tun farko likitan bai iya aiki ba, da an kai shi wani wuri da tuni ya warke. Inna ta ce baki ne, mutane sun yi ta shigowa suna kallon mata ɗa ba sa cewa tubarkalla. A nan ta kusa gaskiya, sai dai ba ta tambayi wanda yake buɗe musu ƙofa ba. Har mai tayoyi ya zo jaje, ya ce shi dama ya ga alama. Kowa ya kawo nasa. "Mu ne" kaɗai ban ji ba, kuma rumfata ba ta da nisa.

Baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai a lokacin gidan ya koyi kalmar da likita ya rubuta tun farko. In Tsinke ya yunƙura zai tashi, sai Baba ya ce, "Zauna ka huta." Inna ta ce, "Huta, ɗan albarka." Ya samu hutu har ya yi masa yawa.

Bayan aikin Malama ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta kama ɗaki biyu kusa da makarantarsu, ta zo da motar kaya. Baba ya ce za a yi da su a unguwa. Ta durƙusa har ƙasa, cikin ladabi, ta ce, "Baba, a yi." Tsinke ya fito da sandunansa biyu tsakar rana, ya tsallaka titi a gaban kowa, ya zo ya yi min sallama. Na ce masa ya yafe min robar nan. Ya ce, "Baba Duku, kai aikinka ka yi, kuma ya yi kyau. Shi ne matsalar."

Ina jin masu rediyo suna cewa ƙungiyoyi ne suke cinye yaran nan, su matse su kamar lemo su yar da ɓawo tun ba su kai talatin ba. Gaskiya ne, ban wanke su ba, su suka fara tsaga jijiyar da wasa duk kwana uku da allura. Amma ƙungiyar da ba ta haife shi ba ta ba shi sati takwas. Gidan da ya haife shi bai ba shi kwana huɗu ba. Mai jaki ma in ya ga gyambo a bayan dabbarsa yakan sauke mangala, ba don tausayi ba, don yana son gobe. 'Yan gidan kuwa ba duka, ba zagi, ba wanda ya ɗaga murya. Da murmushi aka yi, da shayi, da "ɗan albarka". Irin wannan ba a kai shi gaban alƙali, don in an tambaye ka me aka yi maka, sai ka ce an ce in gaishe da baƙi.

Na san akwai masu cewa Baba Duku ya tsufa, ƙari yake yi, wane gida ne zai yi wa ɗansa haka. To, mai musu kar ya tsaya daga nesa. Yaron yakan zo gaishe da iyayensa duk ƙarshen mako, shekararsa ashirin da huɗu yanzu, ni kuwa saba'in da takwas. Ka zo ka ja mana layi a ƙofar rumfata, ka tsayar da ni da shi, mu yi tsere zuwa turken lantarkin can. In ya riga ni, ka kwashe basilla da guduma da akwatin duka, na bar maka. Amma ka zo da abin share hawaye, don ni zan ci.